Muhammadu Marwa Maitatsine: Malamin da ya zama uban gida kuma alƙali a kan 'ya'yan mutane

Sunan Maitatsine ya fi shahara da tarzomar Kano ta watan Disamban 1980, amma rayuwarsa ta fi waɗannan kwanaki goma sha biyu tsawo. Shekaru da dama kafin a ji ƙarar bindiga, ya riga ya kafa wani tsari wanda a cikinsa yara da samari ke yi masa bara da ƙwadago, ba su da ikon fita, kuma babu wanda za su kai wa kuka sai shi kansa.

Sunansa Muhammadu, mutumin Marwa ne a arewacin Kamaru, daga nan ya samo laƙabinsa na farko. Ya shigo Kano a wajajen 1945 a matsayin mai karantar da Alƙur'ani. Laƙabi na biyu kuwa Kanawa ne suka raɗa masa, saboda yawan tsinuwar da yake yi a wajen wa'azi ga duk wanda ya saɓa masa. Ya yi watsi da hadisai, ya kushe malaman gari da sarakuna, ya hana mabiyansa rediyo da agogo da keke, ya kuma la'anci tara kuɗi fiye da bukata.

Hukuma ba ta jahilci al'amarinsa ba. A 1962, zamanin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi, an gurfanar da shi gaban alƙali kan wa'azinsa, aka ɗaure shi, sannan aka mayar da shi Kamaru. Bayan saukar Sarki Sanusi daga mulki ya sulalo ya dawo. An sake ɗaure shi a shekarun 1970, ya fito ya ci gaba daga inda ya tsaya, har ya kafa sansani a unguwar 'Yan Awaki.

Lokacin ya yi masa daidai. Farin da ya addabi ƙasashen Sahel a farkon shekarun 1970 ya kore mutane daga ƙauyuka, kuɗin man fetur kuma ya ja su zuwa birane, inda tsadar rayuwa ta tarbe su. Al'adar cin rani daɗaɗɗiya ce: da an kawar da amfanin gona, sai almajirai da gardawa daga ƙasar Katsina da Daura da Damagaram da Maraɗi su nufi Kano. A da, gardi yakan samu zauren kwana da ɗan aikin hannu. Da birni ya cika, zaure ya yi wuya, sai Marwa ya buɗe ƙofarsa. Ya ba su wurin kwana da abinci, ya kuma nuna musu cewa masu motoci da gidajen bene ne sanadin wahalarsu.

Da rana mabiyansa na watsuwa cikin gari, wasu bara, wasu tura kura, wasu yankan farce ko sayar da shayi. Sadakar da aka tara tana komawa sansani, shi kuma yana da nasa cinikin na layu. Ga shi malami, ga shi mai masauki, ga shi mai yanke hukunci. Yaron da aka zalunta a irin wannan gida, wa zai kai wa ƙara? Maƙwabta ma ba su tsira ba, domin an yi ta koke-koke kan toshe hanyoyi, da gine-gine ba izini, da korar mutane daga gidajensu, har 'yan sanda suka riƙa shakkar shiga unguwar.

A ƙarshen Nuwamban 1980 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya aika masa da takardar wa'adin mako biyu. Ranar 18 ga Disamba mabiyansa suka yi arangama da 'yan sanda a filin Shahuci, wuta ta kama. Da abin ya fi ƙarfin 'yan sanda, Shugaba Shehu Shagari ya tura sojoji, aka murƙushe sansanin a ƙarshen watan. Marwa ya mutu sakamakon raunin da ya samu. An tono gawarsa daga inda mabiyansa suka binne ta, daga baya aka ƙone ta don kada kabarin ya zama wurin ziyara. Alƙaluman hukuma sun nuna mutum 4,177 ne suka rasa rayukansu. Kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Anthony Aniagolu ya saurari shaidu a 1981.

Mutuwarsa ba ta kashe wutar ba. Ragowar mabiyansa sun tayar da fitina a Bulumkutu ta Maiduguri da kuma Kaduna a 1982, da Jimeta a 1984, da Gombe a 1985.

Tambayar da rayuwarsa ta bari tana nan: shin ƙungiyar da ake tuhuma da bautar da mabiyanta za ta iya zama mai sasanta tsakaninta da su? A Amurka, wasu tsofaffin mabiya Scientology sun shigar da ƙara a Florida a 2022, suna zargin an sa su aikin dole tun suna yara. A 2023 alƙali ya ce su koma ga kwamitin sasanci na ƙungiyar, saboda takardun da suka sanya wa hannu. Marwa bai bukaci takarda ba. Yunwa da tsoro sun isar masa.

A Najeriya, sashe na 34 na kundin tsarin mulki ya haramta bauta da aikin dole, kuma tun 2003 aka kafa hukumar NAPTIP don yaƙi da fataucin mutane. A fiƙihu ma, sulhun da ya halasta haram ba ya inganta. Duk da haka, a Oktoban 2019 'yan sanda sun fito da mutane, wasu da mari a ƙafa, daga cibiyoyin gyaran hali a Daura da cikin birnin Katsina. Waɗannan wurare ba su da alaƙa da aƙidar Marwa, kuma dubban makarantun allo na ƙasar nan sun yaye malamai na ƙwarai. Abin da ya haɗa su da 'Yan Awaki guda ɗaya ne: iyaye sun miƙa 'ya'ya suka juya baya, maƙwabta sun ji kuka suka ce a bar wa malam, har sai da ɓarnar ta fito fili.