Likita Mila: Baturen Mishan da ya kwashe rabin ƙarni tsakanin Hausawa

A shekarar 1900, tun kafin Turawa su ci Kano da yaƙi, wasu Turawan Mishan su biyar suka isa birnin bayan doguwar tafiya daga Legas. Sarkin Kano Aliyu Babba bai yi maraba da su ba, ya ba su 'yan kwanaki su tattara kayansu su bar masa gari. A cikinsu akwai wani matashin likita mai suna Walter Miller, wanda Zazzagawa suka riƙa kira Likita Mila. Ayarin ya ja da baya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya mutu. Mila bai haƙura da ƙasar Hausa ba.

An haife shi a 1872 a gundumar Devon ta Ingila, ya yi karatun likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya shiga ƙungiyar Mishan ta cocin Ingila, wato CMS. Kafin zuwansa nan, sai da ya je Tarabulus ta Libiya don koyon Hausa a bakin fatake da mahajjata. A can ya haɗu da wani yaro Bakatsine, Abdulmajid, wanda daga baya ya zama kamar ɗansa, kuma mataimakinsa a aikin fassara.

A 1905 Mila ya samu zama a cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta. Abin da ya kawo shi a bayyane yake: yana so Hausawa Musulmi su karɓi addinin Kirista. Ta wannan fuskar bai samu biyan buƙata ba, domin mutanen birni sun karɓi maganinsa, sun riƙe addininsu. Ƙalilan ne suka bi shi, kuma a kansu ya zuba dukkan ƙarfinsa. Yaran da ke hannunsa gida ɗaya suke kwana da shi, da Hausa yake yi musu magana, shi ne malami, shi ne uba, shi ne mai horo, kuma horon nasa ba na wasa ba ne. A 1913 ya ƙulla alaƙa da Isawa, mabiyan wani malamin Kano mai suna Ibrahim, waɗanda ke ba Annabi Isa matsayi na musamman a aƙidarsu. Wasunsu suka shiga Kiristanci, aka kafa musu mazauni a Gimi, amma ba a daɗe ba ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. Da yawa daga yaran da suka tsira makarantar Mila suka koma.

Daga wannan ƙaramar makaranta aka samu R.A.B. Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da Rupert East.

Sai dai mutum ne mai kaifin harshe. Ya soki mulkin sarakuna a fili, ya soki Turawan mulki saboda jingina da suka yi da su, ko da yake abokin Lugga ne. Tsakaninsa da Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙi, ba a ga maciji, kuma ƙorafe-ƙorafen Mila na cikin abubuwan da suka kai ga tuɓe sarkin aka kai shi Lakwaja. Rubuce-rubucensa a kan Musulunci ma akwai tsangwama a ciki, wadda ba ta dace da wanda ya zauna shekaru da malaman Zariya ba. Ya ƙaunaci Hausawa ɗaya bayan ɗaya, amma bai yi wa addinin mafi yawansu adalci ba. Turawan mulki kuwa sun ɗauke shi ƙaya a ƙafa, suka yi ta matsa lamba har aka fitar da Mishan ɗin daga birni zuwa Wusasa a 1929, abin da Mila bai so ba.

Babban aikinsa na harshe ya fito a 1932, lokacin da aka buga Littafi Mai Tsarki gaba ɗayansa da Hausar boko, bayan shekaru yana jagorantar fassarar tare da abokan aiki Turawa da Hausawa. Yana cikin waɗanda suka dage a rubuta Hausa da boko maimakon ajami, matakin da har gobe masana ke tafka muhawara a kan riba da asararsa.

Ya bar aikin CMS ya koma Ingila, amma zaman bai yi masa ba, ya dawo Nijeriya. Ya ƙare rayuwarsa a ƙasar Filato yana koyarwa da rubutu, ya mutu a Bukuru kusa da Jos a 1952, yana da shekara 80.