Malam Aminu Kano: Malamin Makaranta Mai Wasan Kwaikwayo

Duk wanda aka ambata wa sunan marigayi Malam Aminu Kano, abin da zai fara faɗo masa a rai shi ne siyasa, watau NEPU da PRP da gwagwarmayar ƙwato wa talaka haƙƙinsa. Wannan kuwa ba laifi ba ne, domin a nan sunansa ya fi fitowa. Sai dai tun kafin ya shiga siyasa malamin makaranta ne, kafin nan kuma ɗalibi ne a Kaduna mai rubuta wa yara 'yan'uwansa wasan kwaikwayo. Wannan ɓangare na rayuwarsa shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi, alhali kuwa shi ya fi kusa da masu nazarin Hausa.

An haifi Malam Aminu ran 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa cikin birnin Kano. Gidansu gidan malamai ne da alƙalai, na Fulani Gyanawa. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malamin shari'a ne a kotun Alƙalin Kano, mahaifiyarsa Rakiya kuma mace ce mai karatu, a hannunta ya fara sanin baƙi da wasali. Yana da kimanin shekara 10 aka sa shi elementare ta Shahuci, daga nan ya wuce Midil ta Kano a 1933.

Kafin a bi shi kwaleji, ya kamata a dubi irin makarantar da kowane yaron birni yakan shiga ba tare da an rubuta sunansa a rajista ba, watau dandali. Bahaushe bai jira zuwan Bature ba kafin ya koya wa 'ya'yansa zaman jama'a ta hanyar kwaikwayo. 'Yan mata ƙanana sukan ɗauki 'yar tsana su yi mata aure, su kai gara, ta haihu su yi suna, har a yi faɗan kishiyoyi a zo a yi sulhu. Babu wanda ya zaunar da su ya karanta musu dokokin biki, amma ran da suka girma ba sa bukatar a gaya musu aikin uwar ɗiya ko na ƙawar amarya. Idan azumi ya kai kwana 10 kuma sai tashe ya tashi. Yaro ya manna gemun auduga ya zama tsoho, wani ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, a bi gida gida ana nuna wa manya halinsu, su kuwa suna dariya suna ba da sadaka. A karkara, bayan an kawar da amfanin gona, samari kan yi kalankuwa, su naɗa sarkinsu da alƙalinsu da dogarai, su yi mulki na 'yan kwanaki. Abin lura a nan shi ne, al'ada ta ba yaro izinin da ba ta ba babba ba. Maganar da za ta sa a ɗaure magidanci, yaro yakan faɗe ta cikin shigar tashe, a ba shi hatsi a kai.

A 1937 Aminu ya sami shiga kwalejin da aka kafa a Katsina, wadda aka mayar da ita Kaduna a 1938, ita ce daga baya ta koma Zariya ta zama Barewa. Kaduna ta wancan zamani ba ita ce wadda ta bazu har ta kai Gonin Gora a kan hanyar Abuja ba. Sabon gari ne na ma'aikatan gwamnati da soja da 'yan reluwe, babu ganuwa, babu fadar wani babban sarki, ɗaliban kuma daga larduna daban daban aka tattaro su. A wuri irin wannan bakin yaro yakan fi sakewa. Rubutaccen wasan kwaikwayo kuwa bai daɗe da shigowa makarantun Arewa ba, don a 1936 ne Dokta R. M. East ya fitar da littafinsa Six Hausa Plays domin amfanin 'yan makaranta, wanda galibinsa daga tatsuniyoyi da labarai aka gina shi.

Aminu bai bi ta tatsuniya ba, sai ya shiga kasuwa. Wasansa da aka fi ambata shi ne Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba, inda ya nuna yadda 'yan kasuwar birni suke yi wa mutumin ƙauye wayo su raba shi da ɗan abin da ya kawo. Wani kuma shi ne Ƙarya Fure Take Ba Ta 'Ya'ya, wanda ya taɓo nauyin haraji a kan talakan karkara. Tsakanin 1939 da 1941 ya rubuta gajerun wasanni kimanin 20 domin makarantu, yana zolayar al'adun da suka zama kaya, da kuma halayen ma'aikatan En'e. A lokacin bai fi shekara 21 ba.

Hikimar abin a fili take ga duk wanda ya taɓa riƙe alli. Idan malami ya tsaya gaban allo ya ce zalunci ba kyau, yara za su amsa da baki ɗaya, su fita tara su manta. Amma a ɗauki ɗan hakimi a sa masa tsumma, a ce shi ne baƙauyen da ya zo sayar da akuyarsa, a ɗauki ɗan talaka a naɗa masa rawani ya zama mai karɓar haraji, to, kowannensu zai kwana da abin a ransa. Na farko ya ɗanɗani tsugunno, na biyu ya ji yadda iko yake shiga kai. Masu kallo kuma sun ga yadda dillali da mai unguwa da ɗan doka da alƙali suke haɗuwa a kan mutum guda, sun gane cewa gari ba tarin gidaje ba ne kurum. Alal haƙiƙa tashe ne Aminu ya ɗauko daga ƙofar gida ya kai shi makaranta, sai dai ya sauya wanda ake yi wa. Maimakon gwauro da tsoho mai gemu, sai ga masu riƙe da gari.

Da ya gama a 1942 aka tura shi koyarwa Midil ta Bauchi, inda ya tarar da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ƙulla abota da Malam Sa'adu Zungur, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa. Bai tsaya ga darasin aji kaɗai ba, ya ja ɗalibai zuwa wasan kwaikwayo da muhawara, shi kuma da abokansa suka kafa taron tattaunawa na Bauchi a 1943, inda manya suke yi wa En'e tambayoyin da a da sai a bakin 'yan wasa ake jin su. A 1946 ya tafi Ingila, ya yi kwas na shekara guda a Cibiyar Nazarin Ilmi ta Jami'ar London. Bayan ya komo ya tsaya aka kafa Ƙungiyar Malaman Makaranta ta Arewa a 1948, sa'an nan aka mayar da shi Maru, cikin Lardin Sakkwato, ya shugabanci makarantar horon malamai. Waɗanda ya horar a can su ne aka watsa elementare na ƙauyuka, suka riƙe yara 'yan shekara bakwai da takwas. A ƙarshen 1950 ya ajiye aiki ya koma Kano.

Sauran labarin sananne ne. An kafa NEPU ran 8 ga Agusta, 1950, ya zama shugabanta a 1953. Ya ci zaɓen Majalisar Wakilai a 1959, ya riƙe Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967, sa'an nan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. A 1978 ya kafa PRP, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1979, jam'iyyarsa ta ci gwamnan Kano da na Kaduna. Duk da haka malantar ba ta sake shi ba. Yana cikin waɗanda suka fara kafa makarantun Islamiyya a Kano, ya damu ainun da karatun mata, kuma ko a taron siyasa da labari da misali da ba'a yake jan hankalin jama'a, tamkar mai koyar da 'yan aji ɗaya. Littafinsa Hikayoyin Kaifafa Zukata shaida ne a kan haka, ga kuma Motsi Ya Fi Zama, da tarihin Sa'adu Zungur da ya rubuta.

Wasannin nan nasa na makaranta kuwa ba a buga su ba. Wasan Marafa na Abubakar Tunau ya fito a littafi, na Shu'aibu Maƙarfi sun fito, ɗalibai suna nazarinsu har yau, amma na Aminu sai sunayensu da taƙaitaccen bayani a littattafan tarihin adabi. Ba abin mamaki ba ne, domin kafar buga littafin Hausa a wancan zamani tana hannun hukumar da wasannin suke yi wa shaguɓe.

Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga Afrilu, 1983, ana shirin zaɓen da zai sake tsayawa takara, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Mumbayya, gidan da daga baya aka danƙa wa Jami'ar Bayero ta mayar da shi cibiyar nazarin dimokuraɗiyya. Allah ya jiƙansa, amin.