Imamu Gazali

An haifi Abu Hamidu Gazali a shekara ta 1058 a garin Ɗus, cikin ƙasar da ake kira Iran yanzu. Ubansa talaka ne. Ya rasu tun Gazali yana ƙarami, sai wani aminin uban ya riƙe shi, shi da ƙanensa Ahmadu.

Yaron yana da kaifin hankali, ga yawan tambaya. Ya lura ɗan Kirista yana tashi Kirista, ɗan Bayahude Bayahude, ɗan Musulmi kuma Musulmi. To, in kowa abin da ya tarar a gida yake bi, yaya mutum zai tabbata shi da kansa ya san Allah? Ya gwada ido, ya ga ido yana ruɗi. Inuwa kamar a tsaye take, alhali tafiya take yi. Tauraro kamar dinari yake, alhali ya fi duniya girma. Hankali fa? Ai mai mafarki ma yana gaskata abin da yake gani, sai ya farka. Wajen wata 2 yana fama da wannan shakka kafin ya samu natsuwa. A ganinsa ba hujja ce ta warkar da shi ba, haske ne Allah ya sa masa a zuciya.

A 1091 waziri Nizamul Mulki ya naɗa shi babban malami a Bagadaza. Ɗalibai 300 suke zama gabansa. Ga suna, ga dukiya. Amma da ya binciki kansa, sai ya tarar don girma yake koyarwa, ba don Allah ba. A 1095 harshensa ya ɗaure, ya kasa ba da karatu, abinci ma ya ƙi ciyuwa. Likitoci suka ce ciwon a zuci yake. Sai ya raba dukiyarsa, ya bar wa iyalinsa abin da zai ishe su, ya fita. Ba kowane malami ne zai iya haka ba.

Ya zauna Dimashƙa, inda yakan hau hasumiyar masallaci ya kulle ƙofa, ya yini shi kaɗai. Ya je Ƙudus, ya yi aikin hajji. Tun kafin ya bar Bagadaza ya gane sanin ma'anar ƙoshi daban, ƙoshi daban. Haka ma sanin Allah a littafi da saninsa a zuciya. Cikin waɗannan shekaru ya rubuta Ihya'u, wanda malaman zaure suke karantarwa har a ƙasar Hausa.

Ya koma koyarwa a Nishabur a 1106. Ya rasu a Ɗus a 1111, yana da shekara 53.