Marigayi Dokta Taslim Elias, Akawun Reluwe Da Ya Shugabanci Kotun Duniya

An haifi Taslim Olawale Elias a Ikko ran 11 ga Nuwamba, 1914, a gidan Musulmi. Ya yi karatu a makarantar C.M.S. da Kwalejin Igbobi. Da ya fita sai ya kama aikin akawu a ofishin binciken kuɗin Gwamnati, kana a 1935 ya koma Reluwe, inda ya shekara tara a ofishin Babban Akanta.

Da rana yana kan lissafi, da dare yana kan littattafai, yana ɗaukar jarrabawar Jami'ar Landan daga gida. A 1944, ana tsakiyar Yaƙin Hitila, ya haye zuwa Ingila. Ya zama lauya a 1947, sa'an nan a 1949 ya sami digirin Dokta a fannin shari'a.

Bai yi gaggawar komowa gida ba. Ya zauna yana bincike a Jami'o'in Mancesta da Okisfod. A zamanin nan masana da yawa na Turai suna ganin hukuncin gargajiya na Afirka al'ada ce kurum, ba ta kai a kira ta shari'a ba. Littafin da ya fitar a 1956 a kan wannan batu ya nuna, da hujjoji, cewa tana da ƙa'idodi da hanyoyin yanke hukunci kamar kowace shari'a. Duk wanda ya taɓa aiki a kotun En'e ya san nauyin wannan magana.

Da aka sami mulkin kai a 1960, shi aka naɗa Antoni-Janar kuma Ministan Shari'a na Tarayya. Yana cikin waɗanda suka tsara dokar kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a 1963. A taron birnin Biyana na 1968 da 1969, inda aka shirya ƙa'idodin ƙulla alkawari tsakanin ƙasashe, shi ya shugabanci babban kwamitin. Ya kuma riƙe sashen shari'a na Jami'ar Ikko daga 1966, har a 1972 aka ba shi Babban Jojin Nijeriya.

A 1975 Gwamnatin soja ta Janar Murtala ta sauke shi. Amma shekarar ba ta ƙare ba sai da aka zaɓe shi alƙali a Kotun Duniya da ke birnin Heg, ƙasar Holan, ya fara aiki a 1976. Wannan kotu tana da alƙalai 15, Babban Taro da Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ke zaɓensu, kowa wa'adinsa shekara tara. Ƙasashe ne ke kai ƙarar juna gabanta. Ya zama mataimakin shugaba a 1979, kana shugaba daga 1982 zuwa 1985, shi ne ɗan Afirka na fari da ya hau kujerar. A hannunsa aka yanke shari'ar iyakar ƙarƙashin teku tsakanin Tunisiya da Libiya a 1982, kuma yana shugaba kotun ta amince a 1984 ta saurari ƙarar da Nikaraguwa ta kai Amurka.

Ya rasu a Ikko ran 14 ga Agusta, 1991, yana kan aikin alƙalanci. Akawu ko malamin makaranta da ke ganin lokacin karatu ya wuce shi, ya tuna mutumin nan yana wajen shekara talatin ya shiga jami'a. Allah ya jiƙansa.