LESTER PEARSON: MAI ƊAUKAR MASU RAUNI DA YA ZAMA FIRAYIM MINISTA

An haifi Lester Pearson a kusa da birnin Toronto na ƙasar Kanada ran 23 ga watan Afrilu, 1897. Yana karatu a Jami'ar Toronto sai Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. A cikin 1915, yana ɗan shekara 18, ya ajiye littattafansa ya shiga soja. Amma ba bindiga aka fara ba shi ba. Sashen asibitin soja aka sa shi, a matsayin farabiti, aikinsa jinya da ɗaukar masu rauni.

Bayan sun ratsa ta Ingila da Masar, sai aka kai ƙungiyarsu Salonika a ƙasar Girka, inda suka kafa asibiti cikin tantuna. Aiki ne mai wuyar gaske. In an kawo waɗanda suka jikkata, su ne za su sauke su, su ɗora su bisa gadon ɗauka, su kai su gaban likita. Su ne masu shara da wanki da raba abinci, ga sanyin hunturu, ga taɓo. A can kuwa cuta ta fi harsashi kayar da sojoji, musamman zazzaɓin cizon sauro da atuni. Saurayin nan ya jure, har ya sami muƙamin kofur.

A 1917 ya koma Ingila, ya zama hafsa, ya shiga koyon tuƙin jirgin sama. Amma bai kai ga fagen fama ba. Wata rana da dare, an kashe fitilun Landan don tsoron jiragen Jamus, sai wata bas ta buge shi. Wannan ya sa aka mai da shi gida.

To, wanda ya ɗauki mai rauni da hannunsa ba a ba shi labarin yaƙi. A 1956, yana Ministan Harkokin Waje na Kanada, sai Ingila da Faransa da Isra'ila suka far wa Masar saboda mashigin ruwan Suwes. Pearson ya kawo shawara a Majalisar Ɗinkin Duniya a tura sojojin ƙasashe dabam-dabam su shiga tsakani. Aka yarda, wuta ta lafa. Don haka aka ba shi lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1957. Irin wannan aiki ne sojojin Nijeriya suka je yi a Kwango a 1960.

Ya riƙe muƙamin Firayim Ministan Kanada daga 1963 zuwa 1968. Ya rasu ran 27 ga Disamba, 1972.

'Yan'uwana ɗalibai, in an sa mu sharar ɗakin kwana ko jinyar ɗan'uwa maras lafiya, kada mu raina. Wanda ya raba ƙasashe faɗa, da irin wannan aiki ya fara.