Rene Laennec: likitan da ya koya wa duniya sauraron tarin fuka

A duk asibitin da mutum ya shiga a yau, da wuya ya ga likita ba tare da 'yar na'urar nan ta sauraron ƙirji rataye a wuyansa ba. Wanda ya ƙago ta wani likita ne Bafaranshe mai suna Rene Laennec, wanda ya shafe fiye da rabin rayuwarsa yana bin diddigin cutar tarin fuka a asibitocin birnin Paris, har cutar ta zamo ajalinsa yana da shekara 45.

An haifi Laennec ne a ranar 17 ga watan Fabrairun 1781 a garin Quimper da ke yankin Brittany, a yammacin Faransa. Yana ɗan shekara biyar mahaifiyarsa ta rasu, kuma ana kyautata zaton tarin fuka ne ya kashe ta. Mahaifinsa lauya ne da waƙe-waƙe suka fi ɗauke wa hankali fiye da renon 'ya'ya, don haka yaron ya taso a hannun dangi. Daga bisani aka kai shi birnin Nantes wurin baffansa, wanda likita ne, inda ya fara koyon aikin asibiti yana da shekara 14.

A shekarar 1801 ya tafi Paris ya zama ɗalibin Jean-Nicolas Corvisart, likitan nan na Napoleon. A wancan zamani, likita ba shi da hanyar sanin abin da ke faruwa a cikin ƙirjin majinyaci, illa ya ƙwanƙwasa shi da yatsa kamar mai gwada randa, ko kuma ya manna kunnensa a jikinsa. Ainihin ciwon kuwa sai bayan mutum ya mutu an buɗe gawarsa ake ganinsa. Nan ne Laennec da amininsa Gaspard Bayle suka duƙufa, suna binciken gawarwaki ɗaya bayan ɗaya, hannu tsirara, a ɗakunan da ba su da wadatacciyar iska.

A watan Disambar 1803, yayin da yake yanka ƙashin bayan wani mamaci mai tarin fuka, sai zarto ya ƙwarzane shi a yatsa. Bayan 'yan kwanaki wani ƙullutu ya fito a wurin, wanda ya lura cewa kamanninsa ɗaya ne da irin ƙullutun da yake gani a huhun mamata. Ya ƙone shi da magani, wurin ya warke, ya ci gaba da aikinsa. Shi kuwa Bayle, wanda ya wallafa littafi kan cutar a 1810, ita ce ta kashe shi a 1816.

A wannan shekara ta 1816 ne aka naɗa Laennec likita a asibitin Necker, kuma a cikinta ne aka kai shi duba wata budurwa mai alamun ciwon zuciya. Ƙibarta ta hana ƙwanƙwasa ƙirji yin amfani, kunya kuma ta hana shi ɗora kunne a jikinta. Sai ya naɗe takardu ya yi bututu da su, ya ɗora baki ɗaya a ƙirjinta, ɗayan a kunnensa, ya kuwa ji bugun zuciyar sarai fiye da yadda ya taɓa ji.

Da yake mutum ne mai busa sarewa, kuma gwanin sassaƙa, bai daɗe ba ya sassaƙa bututun katako da hannunsa. Shekara uku ya yi yana sauraron ƙirazan majinyata, yana rubuta kowane irin sauti ya ji, idan mai shi ya mutu kuma ya buɗe huhun ya ga abin da ke haddasa sautin. Ta haka ya gane yadda muryar majinyaci ke ratsowa ta bututun idan tarin fuka ya yi kogo a huhu. A 1819 ya wallafa sakamakon a littafi mai juzu'i biyu, wanda ake sayarwa tare da bututun. Ya kuma nuna cewa ƙullutun da ake samu a huhu, da ƙashi, da sauran sassan jiki, duk cuta guda ce.

To sai dai akwai abin da wannan kunne mai kaifi bai jiyo ba. Laennec bai yarda cewa tarin fuka cuta ce da aka saba ɗauka daga wani ba, duk kuwa da cewa tun 1782 masarautar Naples ta kafa dokar tilasta wa likitoci kai rahoton masu cutar. Kamar akasarin likitocin Faransa, ya fi danganta ta da gado da kuma baƙin ciki mai tsawo.

Misalin da ya kafa hujja da shi abin dubawa ne. Ya ba da labarin wani gidan mata masu zaman ibada na Kirista a Paris, inda a cikin shekara goma ya ga mutuwa ta share mazauna gidan sau biyu ko uku, ana maye gurbinsu da sababbi. Waɗanda suka tsira sun haɗa da mai tsaron ƙofa da masu kula da lambu da ɗakin girki. Shi a ganinsa, tsananin ƙunci da tunanin azaba ne ke kashe sauran. Likitan yau kuwa da ya ji wannan labari, abin da zai fara tambaya shi ne su wa ke kwana ɗaki guda a rufe, su wa kuma ke wuni a waje.

An ɗauki lokaci kafin amsar ta fito. A 1865 wani likitan sojan Faransa, Jean-Antoine Villemin, ya nuna ana iya sa wa zomo cutar daga jikin mutum, sannan a ranar 24 ga watan Maris na 1882 Robert Koch ya bayyana ƙwayar cutar a Berlin. Hatsarin da ma'aikatan asibiti ke ciki kuwa bai fito fili sosai ba sai daga 1924, lokacin da Johannes Heimbeck ya fara yi wa ɗaliban aikin jinya gwajin fata a asibitin Ullevaal na birnin Oslo. Ya gano cewa kimanin rabinsu na shigowa ba tare da alamar ƙwayar cutar ba, amma kafin su kammala horo kusan dukkansu sun ɗauka.

Daga irin wannan bincike ne aka gina matakan da Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba asibitoci shawara a kai: a ware mai tari da wuri, a gwada kakinsa, a fara masa magani, a tabbatar iska na ratsa ɗakuna, ma'aikata su sa takunkumi mai tace numfashi, su ma a riƙa duba lafiyarsu lokaci-lokaci. Ƙwayar dai ta iska take bi, kuma hakan ya sa ake ganin numfashin da Laennec ya yi shekaru yana shaƙa a gefen gadajen majinyata ya fi yankan zarton nan hatsari.

Shi kansa ya yi imani da iska, amma ta teku. Har ciyawar teku ya sa aka shimfiɗa a wani ɗakin majinyata na asibitin Charite, da fatan ƙamshinta zai yi musu magani.

Bayan fitar littafinsa, rashin lafiya ta tilasta masa komawa Brittany na tsawon shekara biyu. Ya dawo Paris, aka ba shi kujerar farfesa a 1822, ya yi aure a 1824, likitoci daga Ingila da Jamus da sauran ƙasashe suna tururuwa domin koyon amfani da bututunsa, yayin da abokan hamayya irin su Francois Broussais ke yi masa ba'a. Aikin sake gyara littafin domin bugu na biyu, wanda ya fito a 1826, shi ya ƙarasa cinye ƙarfinsa.

Da zazzaɓi da tari suka tsananta, wani ɗan baffansa, wanda shi ma likita ne kuma ɗalibinsa, ya ɗora masa bututun a ƙirji, ya kuma ji sautin da malamin nasa ya koya masa ganewa. Laennec ya bar Paris ya koma gidan gonarsa na Kerlouarnec, kusa da gaɓar teku, inda ya rasu a ranar 13 ga watan Agustan 1826. A wasiyyarsa, wannan ɗalibi ya bar wa takardunsa na likitanci da bututun katakon.