Alan Griffith, Mutumin da Ya Gano Sirrin Tsagewa

Ran nan na raka mahaifiyata kasuwa sayen yadi. Mai yadin ya ɗan tsaga bakinsa da almakashi, ya fizga, sai ga shi ya kece har ƙarshe. Da bai tsaga ba, ƙato ma sai ya yi gumi. Da na tambayi malaminmu na kimiyya dalili, sai ya ba ni tarihin Alan Griffith, wanda nake so 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu su ji.

An haife shi a Landan cikin 1893. Ya koyi aikin injiniya a Jami'ar Liverpool, a 1915 kuma ya kama aiki a ma'aikatar jiragen sama ta Farnborough. A zamanin nan wani abu ya ɗaure wa masana kai. Bisa lissafi, gilashi ya kamata ya jure nauyi mai yawa ƙwarai, amma sai ya fashe tun bai kai ko kusa ba.

Griffith ya narka gilashi, ya ja shi siriri kamar zare, ya yi ta gwadawa. Ya tarar sabon zare siriri ya fi mai kauri juriya nesa ba kusa ba, in aka kwatanta da kaurinsu. Daga nan ya gane akwai 'yan tsage-tsage da ido ba ya gani. Nauyi yakan taru a bakin tsaga, idan kuwa ta kai wani tsawo, sai ta ruga da kanta, kamar yadin nan. An buga wannan bincike a 1921.

Da fari ba a kula da shi sosai ba, sai da jiragen ruwa na ƙarfe suka shiga tsagewa a Yaƙin Duniya na Biyu. A Janairun 1943 wani sabon jirgin dakon mai, Schenectady, ya rabu biyu yana tsaye a tashar Portland ta Amurka. Bayan yaƙin George Irwin ya faɗaɗa lissafin Griffith ya haɗa da ƙarafa.

Shi kuwa Griffith ya koma kamfanin Rolls-Royce a 1939, yana tsara injunan jirgin sama. Ya rasu a 1963.

Ni dai tun da na ji labarinsa na daina raina tsaga, ko a keke ko a gini. Dama sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya kiyaye mu, amin.